An Sa Mana Sabon Bel a Kan Tsohon Famfo

Zuwa ga Shugaban kanikawan garejin Kakuri,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ina gaida iyali, da mataimakanka, da duk wanda ya wayi gari a ƙarƙashin mota yana neman halak ɗinsa. Mai rubuto maka ita ce Baba Asabe ta Trikania, wadda ta yi shekaru tana sayar da waina a ƙofar garejinku. Na san ka tun kana wanke sifana a cikin kalanzir, saboda haka idan na ce ranka ya daɗe, kujerar nake girmamawa, kai kuwa ɗana ne har gobe. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ka yi haƙuri da rubutun. Na zo ofishinka an ce ka tafi taro, na sake zuwa an ce taron bai tashi ba. Tun da soja suka koma bariki aka ce talaka ma yana da baki, shi ya sa na kawo maganar fili.

Na ɗaya, ka san abin da motar gidanmu take a wurinmu. Maigidana Malam Garba ya yi aikin masaƙa har ƙarfinsa ya ƙare, da ɗan abin sallamarsa ya sayi tsohuwar tokumbo. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ana yi masa gashin ƙafa da hannu a asibiti can ƙetaren kogi, 'yarmu Binta, malamar firamare, ita ke tuƙa shi. Mutumin da ɓarinsa guda ba ya motsi ba ya hawa acaɓa, ba a kuma cusa shi a bas. Da gashin nan har ya fara takawa daga gado zuwa bakin ƙofa, yana dafa bango. Ba motar yawon biki nake yi wa kuka ba.

Na biyu, abin da ya faru. Farkon damina Binta ta kai motar wurin Oga Bulus, ɗan ƙungiyarku, wanda ya daɗe yana duba mana ita. Wata abokiyar aikinta ce ta ce mata akwai wani bel a cikin inji da kuke kira taimin bel, ba a jiran ya tsinke kafin a canza shi. Ni ma na bi ta, don ba na barin a yi abu a bayan idona. Bulus ya kwance gaban injin, ya cire tsohon bel, ya sa sabo, ya ɗaure. Ya tambayi jikin Malam, ya tambaya ko akwai wani namiji a gidan da zai yi magana da shi. Muka ce babu, mu ne. Ya goge hannu, ya ce shi ke nan Mama, Allah ya kiyaye hanya.

Damina ba ta fita ba, wata safiya muna kan hanyar asibiti, mun wuce Barnawa kaɗan, motar ta yi wani ƙara kamar an zuba cokula a turmi, ta mutu a tsakiyar titi. Mutanen kirki ne suka tura mu gefe, suka ciccibi Malam suka zaunar da shi a bencin mai shayi. Dattijon da bai taɓa yarda a ga gazawarsa ba, ranar ya zauna a bakin titi jama'a na kallonsa, yawu na zuba a gefen bakinsa, ina share masa da gyalena.

Na uku, abin da na gano daga baya. Oga Chidi mai sayar da kayan mota, wanda a wurinsa aka sayi bel ɗin, shi ya zaunar da ni ya ɗora kayan a kan tebur ya nuna mini. A irin injinmu, wannan bel shi ke juya famfon da ke zagaya ruwa don kada inji ya yi zafi, kuma murfi ɗaya ya rufe su. Famfonmu ya tsufa, tsatsa ta ci shi saboda ruwan rijiya da muke ɗura wa lagireto, ya cije, ya yaga sabon bel ɗin. Da bel ya tsinke mota na tafiya, ƙarafan cikin inji suka haɗu da juna, bawul suka lanƙwashe. Ya ce duk bakaniken da ya san aikinsa, in ya buɗe wurin nan, tare yake canza su, domin wahalar kwancewar ɗaya ce, kuma tsohon famfo ba ya raka sabon bel zuwa ƙarshen kwanansa.

Na je na sami Bulus. Ban ɗaga murya ba, ka san ni, zolaya ta fi mini sauƙi. Na ce masa ashe ya yi wa tsohuwa sabon zani ya bar ta da ciwon ciki. Bai yi dariya ba. Ya ce ya ga famfon, har ya ga alamar ruwa ya fara tsattsafowa a gindinsa. Ya ce tausayinmu ya ji, ga mara lafiya a gida, bai so ya ƙara mana nauyi. Ya ce kuma a gareji in ka ce wa mace a ƙara wani abu bayan wanda ta zo da shi, sai a ce kana cutarta, shi ya sa ya nemi namiji.

Ranka ya daɗe, wannan shi ne ainihin ƙorafina. Ban ce Bulus ɓarawo ne ba, ban kuma taɓa jin an ce ba. Amma ya yanke mana hukunci a kan abin da yake namu, bai tambaye mu ba. Da ya buɗe baki ya ce Mama, ga abin da na gani, da ni na san abin da zan sayar a ɗakina. Da kuma na ce a bari, da laifin ya zama nawa. Ni da na riƙe gida da kaskon waina, Binta da ke riƙe aji cike da 'ya'yan mutane, mu ne ba za a iya gaya wa famfo ya tsufa ba? Unguwannin nan cike suke da gidajen da mazan suka kwanta ciwo, ko suka rasu, ko masaƙa ta sallame su suka tafi neman abinci wani gari. In sai an ga namiji za a faɗi gaskiyar mota, motoci da yawa za su mutu a titi.

Ga abin da nake roƙo.

Ka kira Bulus, ba don a kore shi ba, yana da iyali. A sa shi ya gyara injin da hannunsa, kayan da za a saya mu zauna a gabanka a raba nauyin bisa adalci. Motar tana nan a garejinku an ɗaga mata baki, kaji sun fara kwana a ƙarƙashinta.

Sannan ka tara mutanenka ka kafa musu doka: wanda ya buɗe wurin bel ya duba famfo, ya faɗa wa mai mota abin da ya gani, mace ce ko namiji. Ku riƙa gaya wa mutane cewa bel ɗin nan yana da iyakar tafiya da iyakar shekaru da masu ƙera motar suka sa, duk wanda ya riga cika sai a canza, ko da ido ya ga kamar lafiyarsa lau. Mai sayen tokumbo kuma kada ya yarda da lambar mitar da ke ƙirga tafiya, an sha mayar da ita baya, ya canza bel da famfo duka biyun tun farko ya huta. In an ga ruwa na ɗiga a gaban inji, ko wani kuka siriri, ko allurar zafi na hawa, a zo gareji ranar, kada a bari sai an ga hali.

Ina roƙonka da gaggawa. Mai yi wa Malam gashi ta ce ƙafar da aka daɗe ba a motsa ba sandarewa take, kuma abin da ya sandare da wuya ya dawo. Yanzu ya daina kai wa bakin ƙofa. Duk da haka, ranar asibiti in ta zagayo, da sassafe yake sa a saka masa riga da hula, ya zauna a bakin gado yana jira. Ni kuwa sai in ce masa gobe.

Allah ya taya ka riƙon jama'a, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe, ya sa ka ji wannan kuka tun ƙafar tana jin hannu.

Wassalam.

Taka,
Baba Asabe mai waina,
Trikania, Kaduna.