Tabon Sakiyar da Babu Shi a Darasinku

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke shirya darussan intanet na likitoci masu koyon karanta hoton nono.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni malamar firamare ce mai ritaya a Gwandu. Ba mu san juna ba, a hannun ɗalibarka na ga aikinka.

Bayan Babbar Sallah na ji ƙullutu a ƙasan nonona na hagu. Na hau mota zuwa Kalgo, inda wasu likitoci suka zo duba mata. Wata likita mai ladabi, wadda ke kan koyon wannan fanni, ta yi mini sikanin. Ta daɗe tana kallon allo, sannan ta buɗe kwamfutarta tana gwada hotona da na darasinku. Ni kuwa da son ganin ƙwaƙwaf, sai na miƙa wuya. A nan tambayoyina suka samo asali, kuma matambayi ba ya ɓata.

Na ɗaya, hotunan nan na matan ina ne? Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, babu mai kama da nawa. Ta ce yawancinsu daga ƙasashen waje aka samo su.

Na biyu, wa ya tsara jerin tambayoyin da kuka ba ta ta riƙa yi wa mata? Ta tambaye ni ko an taɓa yi mini tiyata a wurin, na ce a'a, kuma ban yi ƙarya ba. Amma ina goyon ɗana na biyu nonon ya kumbura ya tara mugunya. Surukata ta kira wanzami ya yi mini sakiya, wato ya ɗora ƙarfe a wuta ya huda wurin. A Gwandu ba mai lissafa wannan cikin aikin asibiti, kamar yadda ba a lissafa ƙaho. Sai da nake mayar da riga ta hango ɗan tabon. Ashe ba ta taɓa jin sakiya ba. Ni da na zo a duba ni na koma ba da darasi, tana rubutawa. Ta ce tsohon rauni kan taurara daga ciki har ya yi kama da sankara a hoto, sankarar ma tana iya laɓewa a bayansa. Ta faɗa mini gaskiya cewa ba za ta iya rabe su ba, don darasin bai zo nan ba.

Na uku, in ɗaliba ta rikice haka, wa take tambaya? Ni a aji fuskar yaro nake kallo in san bai gane ba. Ku ta ina kuke ganewa? Da gaske nake son sani, ba gatse ba ne.

Ba na ƙin karatun intanet, domin na ga yadda ya koya mata natsuwa da bin diddigi. Amma an ɗebi ɗan nama daga ƙullutun da allura an aika gwaji, yau mako uku ina jira. Ina jin tsoro, Malam. Ban san ko nonon zai tsira ba.

Roƙona shi ne ku sa tambayar sakiya cikin jerinku da sunanta na Hausa, ku kuma nemi hotunan matanmu da yardarsu. Ni na fara. Na gaya wa likitar ta cire sunana ta aiko muku da nawa. In sakamako ya fito zan sa ta rubuta shi a ƙarƙashin hoton, tabo ne ko sankara. In ma na rasa nonon, kada hoton ya tafi a banza.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya sa ɗalibanka su fi ka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Malama Hassi, Gwandu.