Ɗaya ga Janairu

Litinin, 6 Nuwamba 2023
Na kammala dashen tumatir, fangali arba'in. Gobe ne zagayen ruwan layinmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da barin aikin shugabar makaranta ina noman rani, ban taɓa roƙon kowa ko da bokiti guda ba.

Talata, 7 Nuwamba
Iliyasu mai buɗe ƙofar kanal ya karanta sabuwar takardar rabon ruwa, babu sunana. Ya maimaita karatun yana kauce wa idona. Ban ɗaga murya ba. Kuskuren ofis ne, zan je in gyara musu.

Laraba, 8 Nuwamba
Na tafi ofishin ƙungiyar manoma a Kura. Mai kula da kwamfutar ashe Muhsina ce, wadda na koyar a aji shida. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta nuna mini jadawali biyu, tsohuwar rajista da wadda muka cike bana. Ta ce na'urar tana ɗaukar layi daga nan ta nemi ɗan'uwansa a can. Sai lambar fili da suna da ranar haihuwa sun zo daidai da daidai take haɗa su. In abu ɗaya ya saɓa, a wurinta mutum biyu ne, kuma ba ta ba kowannensu ruwa.

Nawa ranar haihuwa ce ta saɓa. A tsohuwar rajista akawu ya rubuta wa kowa ɗaya ga Janairu ba tare da tambaya ba. Bana ma haka aka yi wa sauran, shi ya sa nasu ya haɗu. Ni kuwa na karɓi biro na rubuta da hannuna: 14 Maris 1952, ranar Juma'a, kamar yadda mahaifina ya rubuta a bangon littafinsa.

Na ce ai suna ɗaya, fili ɗaya, kowane mai hankali zai gane ni ce. Ta yi murmushi. "Malama, ba ta san 'ya kusa' ba. Ke ma da kika ba ni sifili a kan 48 maimakon 49, cewa kika yi amsa ko daidai ce ko ba daidai ba."

Na tuna. Har gobe ina kan bakana.

Gyaran tsohuwar rajista sai an aika Kano, mako uku. Amma in na yarda ta mayar da ta bana ɗaya ga Janairu, nan take za su haɗu. Na ƙi, na ce a aika Kanon. Mai kuskure shi ke gyara.

Juma'a, 10 Nuwamba
Ban zargi na'urar ba. Ita kaɗai ce a ofishin nan ba ta yi wa kowa alfarma ba.

Asabar, 11 Nuwamba
Dashen gefen gabas ya sunkuyar da kai. Na ɗebo ruwa da bokiti har gwiwata ta hana. Fangali shida kawai na iya.

Lahadi, 12 Nuwamba
Da hantsi na tarar da ruwa kwance a filina. Ummukulsum, maƙwabciyata a gona, wadda zagayen layinsu Lahadi ne, ita ta sare gaɓar da ke tsakaninmu da fartanya, ta karkato rabin zagayenta. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba, wadda na sha yi wa gyara a tazarar shuka. Na ce ban roƙe ta ba. Ta ce ita ma ba ni ta ba, tumatir ta ba, su ba su yi boko ba.

Ban toshe gaɓar ba. Ƙasar ta yi laushi, toshewa ba za ta zauna ba.

Laraba, 15 Nuwamba
Nawa ya miƙe. Na ratsa ta filinta, na ga layi huɗu na ƙarshe sun ƙone, inda ruwan bai isa ba. Ba ta faɗa mini ba. Marayun ɗanta biyar take ci da su da wannan fili, kuma saura zagaye biyu kafin amsar Kano.

Na daɗe a tsaye.

Alhamis, 16 Nuwamba
Na koma Kura. Muhsina ta goge, ta buga 01-01-1952, ta danna. Layin ya haɗu kafin in gyara zaman mayafina. Ko murmushi ba ta yi ba. Na ba ta tarbiyya. Na sa ta rubuta a fayil cewa takardar Kano tana nan ba a janye ba. Littafin mahaifina ma yana nan a akwati.

Talata, 21 Nuwamba
Iliyasu ya karanta sunana. Na bar gaɓar a buɗe, ruwan ya gangara wajen Ummukulsum. Gangaren ƙasar ne haka, ba wani abu ba. Na kuma kai mata ragowar dashena don layukan nan huɗu, tun da ba ni da inda zan sa su.

Ita ma ashe 1952 akawun ya ba ta. Ta ce tunda gwamnati ta haife mu rana ɗaya, tagwaye muke. Tun safe take kirana Hassana daga bakin kanal, mutane suna ji.

Na amsa, amma sau ɗaya.