Bakina ya hana Baba cin burodin dusa

Yaya Sani,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya zaman Legas, ya Anti da yara? Mu nan Kusada lafiya, sai abin da bakina ya jawo.

Tun da likita ya hana Baba farin burodi saboda sugansa, na karanta cewa mai dusa ya fi masa. Sai na riƙa kwashe dusar geron da Inna ta surfa, ina kai wa wani mai gidan burodi a Kankia yana haɗawa da fulawa. Baba na ci da shayi, har yana yabawa, bai san me ke ciki ba.

Ka san dusar gidanmu ta Dije mai nono ce tun muna yara. Ran Juma'a ta zo ba ta samu ba, ta ce, "Kai Audu, ko rago ka ɗaure a ɗaki?" Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa sarkin zuciya na ce, "Baba ke ci, saniyarki ta jira!"

Ashe Baba na zaune a zaure da baƙi, Yaya. Duk sun ji. Washegari ya turo burodin waje, ya aika a sawo masa fari. Wallahi ko gaishe shi zan yi sai na sunkuyar da kai.

Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Zage ni son ranka, amma ka sa ya ci. A sa mu a addu'a, a gaida Anti.

Ƙaninka,
Audu