Biyu a Rami

Alsawra, Omdurman

Awadiyya matar maƙwabcina ce ke rubuta min, ni Gogo nake faɗa.

Zubairu ɗana, sallama da gaisuwa. Ya Rahmatu da yara? Direban da ke zuwa Soba daga kasuwar Suk al-Arabi ya ce ya ga masararka, wai ta yi cunkus kamar gashin kai, ko kaza ba ta ratsawa. Haka na koya maka? Taku guda tsakanin rami da rami, biyu a kowane rami. Ka rage ta tun ba ta kai gwiwa ba. Irin ubanka ne, babu saura a tulu.

Allah ya yi maka albarka.

Soba

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan ƙafa ta yi sauƙi.

Gogo, nan ba hawasha ba ce, irin gonarmu mai faɗi ta Jazira. Ɗan fili ne, kuma mai gonar ya ce in bai ga amfani bana ba, zai ba wani. Shi ya sa na zuba biyar-biyar, kusa da kusa. Ta yi kore shar. Yaya zan tuge abin da Allah ya rayar?

Ɗanki, Zubairu.

Alsawra

Zubairu, na amsa gaisuwa. Awadiyya, rubuta, daina kallona.

Ka tuna shekarar yunwarmu a Jazira, da na ce muku ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa, ne ya yanke? Ƙarya na yi. Ruwa ya zo. Ubanka Jatau yana kwance da zazzaɓi, ya ce in je in rage masarar bayan ɗaki. Na je, na tsuguna, na ga kore, hannuna ya ƙi. Na dawo na ce na rage. Ta yi tsawo, siririya, kowace tana neman rana. Kara muka girbe, goyon kuwa kamar yatsa. Nonona ya ƙafe. Kafin auduga ta fashe muka binne ƙanwarka Kande.

Ubanka ya gani, har ya rasu bai ce min komai ba.

Ka tuge, ɗana. Halas, shi ke nan, na gaji.

Gogo ta juya fuska bango. Ni Awadiyya na rufe takardar.

Soba

Gogo, gaisuwa.

Na tuge jiya, biyu a rami. Ta riga ta wuce gwiwa, ban sani ba ko na makara. Mai gonar ya tsaya yana kallo.

Ranar Juma'a ina zuwa.

Zubairu.