Na Goron Mai Ajiye Mota

Ɗana Nuhu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan Yendi lafiya lau.

Kawunka ya kai ni biki wani otal a Tamale. A ƙofa wani mutum ya karɓi makulli ya ajiye mana mota, irin aikinka. Da za mu tafi, kawunka ya ƙi ba mutumin na goro, ya ce, "Yaya, ai ana biyansa albashi."

Na ce, "Ba shi na goro, ka dubi fuskarsa ka gode masa."

Tafiyar mutumin irin taka ce sak. Kai ma can suna duban fuskarka kuwa?

Ka gaida matarka, ku sa mu a addu'a. Ka zo in gan ka, Nuhu.

Mahaifiyarka,
Hawa