Ranar da Muka Sa Fararen Riguna

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Mun ci. Na dawo daga mashayar Verna da ƙafa, ina dafa bangon coci. Ƙuguna ya matsa mini.

Gardamar dai ita ce. Tunda Lamont Eversole ya ce bana ce kakar wasansa ta ƙarshe, babu wata hira a teburinmu sai wane kwatabak, wato mai jefa ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, ne ya fi a tarihin ƙungiyarmu, shi ko Arlo Stankus. Delbert Hruska, abokina tun firamare, yana bayan Eversole. Ya ce, "Farfesa, yaron nan ya jefa ƙwallo yadin da Stankus ɗinka bai yi mafarkinsa ba."

Na ce masa Stankus kofi biyu ya kawo garin nan, Eversole ɗaya. Stankus da kansa yake zaɓen wasan da za a buga, yana tsaye cikin taɓo, haƙarƙari a karye. Wannan kuwa akwai rediyo cikin hular kwanonsa, koci na raɗa masa komai kamar uwa da ɗan yaye. Ka taɓa shi da yatsa alƙali ya jefa tutar laifi.

Milt, ɗan teburinmu, ya buga tebur yana dariya, ya ce, "Del, bari mana, Farfesa ya koyar da tarihi shekara talatin, ai abin da ya wuce kawai ya sani."

Na ji daɗi. Duk mako wurin nan kaɗai nake buɗe baki in ji an amsa.

Talata, 7 ga Nuwamba

Da alƙalami mai kauri nake rubutu yanzu, layi huɗu a shafi. Abin da na rubuta shekaranjiya ba na iya karantawa.

Tsakiyar komai ta tafi. In na kalli fuska sai in ga kunnuwa biyu da hazo a tsakani. Talabijin ɗin Verna, duk girmansa, launi kawai nake gani: ja, namu ke nan, yana motsi cikin kore. Sauran da kunne nake haɗawa. In Del ya ja numfashi na san ƙwallo tana sama. In Milt ya yi ashar abokan hamayya sun cafke ta. Sai in gyaɗa kai in ce, "Ai tun kafin ya jefa na gani."

Kakar bara ban ga Eversole ba. Ta bana ma haka. Kuma ni ne mai yanke masa hukunci.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

'Yata Renata ta kira daga Arizona. "Baba, lafiyarka ƙalau? Idon fa?" Na ce ƙalau. Ta sake kawo zancen gidan tsofaffin da ke kusa da ita, wai akwai lambu. Ranar da ta ji gaskiya, a makon za ta zo da akwatuna. A can wa ya san Stankus?

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Ƙanƙara ta kwanta a hanya, na makara, na shiga an riga an fara. Wurin cike, hayaniya ta danne muryar talabijin. Ban ko cire kwat ba na ɗaga kai, sai ga ja ɗaya tilo ya ɓalle yana gudu, farare na bin sa a baya. Kullum nakan jira muryar Del tukuna. Yau na so in riga kowa, ko sau ɗaya, kamar da. Na ɗaga sandata sama na kwarma ihu: "Tafi! Tafi, ɗan albarka! Haka ake yi!"

Ya shiga da ƙwallo. Ni kaɗai nake tafi.

Ashe yau ranar tunawa da tsofaffin 'yan wasa ce, ƙungiyarmu ta sa fararen riguna irin na zamanin Stankus, baƙin ne suka sa ja. An rubuta a jarida duk makon nan. Abin da na yi wa tafi, Eversole ne ya jefa, ɗan wasan baƙi ya cafke ya gudu da ita har gida.

Wani daga bayan ɗaki ya ce, "Wane ne wannan tsohon?" Milt ya ce, "Kazimir, ƙiyayyar taka har ta kai nan?" Bai ce Farfesa ba.

Hanya biyu ce gabana, in ce ba na gani, ko in bar su a kan abin da suka zata. Na ji bakina yana cewa, "Stankus ba zai yi wannan jifan ba."

Na fita. An ci mu.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Ban ci abinci ba. Shayi kawai.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Na bi ta mashayar da rana, wai zan sayi miyar wake in tafi da ita. Ƙarya ce, so nake in ji yadda ake ciki.

Kowane ɗan teburinmu yana da kofin giyarsa rataye a ƙugiya bayan kanta, da sunansa a gindi. Nawa na uku daga hagu, tun Verna tana budurwa mahaifinta na riƙe da wurin. Dokar tsohuwa ce, kowa ya san ta: wanda ya yi wa baƙi tafi, a sauke kofinsa. Sau ɗaya aka taɓa yi, wa wani ɗan Cleveland da ya auri ƙanwar Milt.

Na kalli gefe, ta wutsiyar ido, yadda nake ɗan gani. Gurbi a wuri na uku.

Verna ta ce, "Kaz, ɗan tsohona, ba ni na sauke ba, su ne. Yana nan cikin aljihun tebur, na naɗe shi da tawul. Ka zo Lahadi ka ce giya ce ta ɗebe ka, shi ke nan."

Na ce ban sha komai ba ranar. Ta ce, "To me ya same ka?" Na ce nawa ne miyar.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

A gida na saurari wasa ta rediyo, a kicin. Mun ci. Eversole ya jefa uku aka shiga da su. Na buɗe baki zan ce masu tsaron baƙin ne ragwaye, sai na tuna firiji kawai ke ɗakin.

Shekara tamanin da ɗaya ban taɓa goyon bayan wata riga ba. Mahaifina in ya dawo daga masana'antar ƙarfe ba ya wanke hannu sai ya ji sakamako. Yanzu a garin nan ni ne mutumin da ya yi wa baƙi tafi. Kuma ni na zaɓi sunan da kaina, don ya fi mini sauƙi a kan ɗayan.

Matata Lottie da tana raye da ta ce, "Kaz, girman kanka zai kashe ka, kuma ni ba zan sa baƙaƙen kayan makoki ba."

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Bikin Godiya. Matan coci sun aiko da talotalo a faranti. Kowace shekara gidan Del nake ci. Bana bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Del ya zo. Ta tarinsa na gane shi tun daga matakala.

Bai zauna ba ya ce, "Jikata ta samo mini tsohon wasan Stankus, na kofin farko. Na ce bari in kawo wa maci amana ya gani." Ya haɗa wani abu da talabijin ɗina, ya ce sautin ya lalace, hoto kawai. Na ja kujera kusa. Farare suna motsi cikin kore. Wasan nan na san shi kamar addu'ar safe.

Na fara. "Ka ga tsayuwa, Del? Ka ga yadda yake jira har sai sun zo wuyansa? Dubi jifa! Yaran yanzu wa zai iya wannan?" Na yi ta zuba. Na kawo zancen haƙarƙarin, na kawo taɓon. Na ce ya duba yadda taɓo ya rufe lambar rigarsa.

Del ya kashe talabijin.

Ya ce, "Babu taɓo, Kaz. Filin roba ne. Wasan ranar nan ne da ka yi tafi. Eversole kake yabo tun ɗazu."

Na riƙe hannun kujera. Da ƙasa ta buɗe da na gode mata.

Can ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun bara.

"Tun bara! Kai jakin ina ne? Ka gwammace a ce maka maci amana da a ce maka makaho?" Ya yi ta faɗa yana zagaya ɗakin, ya ce ya kwana yana juya abin, mutumin da ya yi kuka ranar da aka rushe tsohon filin wasa ba zai yi wa baƙi tafi ba, sai da matarsa ta ce na wuce ta a ƙofar coci ban gaishe ta ba. Ya ce, "Shekara biyu kana zagin yaron mutane ba ka ko ganin sa!"

Wannan ce ta fi shiga. Gaskiya ce.

Na ce kar ya gaya wa Renata. Ya ce, "Ni ɗan aikenka ne? Kai za ka gaya mata, da bakinka. Akwai likitan ido a Pittsburgh, allura suke yi, surukina ya je. Ni zan tuƙa ka, in ba ka tsoron tuƙina." Da zai fita ya ce gobe in shirya da wuri, kuma in sa riga mai kyau, ba wannan mai miya a gaba ba.

Ban san akwai miya a gabanta ba.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Na je. Na tsaya bakin teburi da sandata na faɗa da bakina cewa ba na gani, gajere.

Milt ya ce, "To duk 'ai na gani tun kafin ya jefa' ɗin nan fa?" Aka fashe da dariya, har da ni, kunnuwana na zafi. Ya ce, "Farfesa, ashe mu muke kallo kai kana ba da maki." Verna ta ajiye kofina a gabana da ƙarfi, ta ɗora hannuna a kan mariƙinsa.

Sai rigimar kujera. Ba a canza wurin zama a teburinmu in ƙungiya tana kan ci, kowa ya san haka, Milt ko fitsari ba ya tashi in muna gaba. Del yana can ƙarshen teburi tun zamanin kofin Eversole. Ya ɗauko kujerarsa ya kawo kusa da kunnena na dama. Milt ya ce, "In aka ci mu, kai ne." Del ya ce, "In aka ci mu ka sauke nawa kofin."

An ci mu. Ba wanda ya kalli Del. Ni na san don wa aka yi asarar.

Talata, 28 ga Nuwamba

Na kira Renata. Ta yi kuka, ta yi faɗa. Ta ce za ta zo Kirsimeti mu yi magana. Na ce ba na motsawa ko'ina sai kaka ta ƙare. Ta ce, "Baba, ƙwallo?" Na ce ƙwallo.

Lahadi, 3 ga Disamba

Del bai iya ba da labarin wasa ba ko kaɗan. "Ga shi nan, ga shi nan, wayyo, ya zille, kai, ya sake zillewa, Kaz, biyu sun kama iska, yana gudu hagu, zai jefa, a guje fa, bai ko tsaya ba!" Yana dukan hannuna har ya yi tsami. Sai ɗakin ya ɗauke numfashi, dogon shiru, ƙwallo tana sama tana sama, sannan rufin ya kusa tashi.

Shirun nan na san shi. A hanyar gida na yi ta neman inda na san shi, sai a bakin coci na tuna. Zamanin Stankus ba a nuna wasannin gida a talabijin a garin nan, kuma kuɗin shiga fili ba namu ba ne. A kicin muke ji, ni da Baba, rediyo a kan firiji. Taɓon, haƙarƙarin, tsayuwar, yawancinsu wani ne ya faɗa mini a kunne.

Mun ci. Milt ya ce, "To Farfesa, yau me ka gani?" Na ce Stankus kofi biyu ne da shi, a je a ƙirga.

Del zai zo ranar Alhamis mu tafi Pittsburgh. Na ce ya taho da wasan yau, da sautinsa wannan karon. Jifan nan na hagu kawai nake so in sake ji. Ba don komai ba.