Ɗaurin Inno

Tambuwal, Mayu 1961

Zuwa ga maigidana Malam Abdulwahabu, a Zariya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan. Yaya karatun akawu? An ce duk wanda ya gama kwas ɗin nan kujerar Bature zai gada. To, Allah ya sa in ka hau ka tuna da mai dama maka fura.

Labarin gida shi ne an yaye yarinyar nan. Ran Juma'a mahaifiyarka Inno ta zo da kanta, aka ba yarinyar rubutu ta sha, Inno ta goya ta sai Kebbe. Ni kuwa na duƙufa ga tankaɗe kamar ba tawa aka ɗauka ba, don kada a ce ba ni da kunyar ɗiyar fari. Mata sun yaba mini ƙwarai. Ba su san garin da hawaye na tankaɗe shi ba.

Inno ta kwance mini ƙunshin ɗaurin da za ta riƙa dafa mata don tsare ciki: saɓara, bagaruwa, sassaƙen marke da 'yar jar kanwa. Ta ce da shi ta raine ku duka, cikin ɗayanku bai taɓa ɓaci ba. Ban musa ba, ni ma da saɓara na girma. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwan sama ya fara sauka, gidan Inno kuwa daga tafki suke ɗiba.

Nono ya cika mini har ba ni iya ɗaga hannu. Goggona Na'iya ta ce in daure, zai ƙafe.

Ka huta lafiya. Ni ce taka,
Saudatu

Tambuwal, Yuni 1961

Malam,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Takardarka ta iso, na gode da turaren.

Ni dai ba lafiya ba. Jumare, Bafillacen nan da ke koro shanu daga Kebbe ran kasuwa, ya biyo shan ruwa. Na tambaye shi Inno, na tambayi awakinta, har kajinta na tambaya, sannan ya gane inda na dosa. Ya ce yarinyar zawo take yi tun makon jiya, kunu ma in an ba ta sai ta kau da kai.

In ji Jumare, Inno ta ce dattin nono ne ɗauri ke wankewa. Ta ƙara bagaruwa, ta kuma hana a ba ta ruwa, wai ba a ƙara wa tulu mai yoyo ruwa sai an liƙe shi. Malam, ban san magani kamar Inno ba, amma na san yarinyar nan. Ko tana da lafiya ba ta wuce randa ba ta miƙa hannu ba.

Ba ni da bakin faɗa wa surukata ta dawo mini da ɗiya. Kai ɗanta ne. Don Allah ka aika mata, ko da cewa za ka yi kai ke son a kai ta ɗakin shan magani. Tsoro nake ji, na faɗa maka.

Taka,
Saudatu

Tambuwal, Yuni 1961

Malam,

Ina gaishe ka. Amsarka ta zo, an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, kuma kai ma kana jin nauyin yi wa Inno maganar ɗiyar fari. Na ji. Ashe ni da kai duk kunya muka haifa, ita muke reno.

Yau Jumare ya zo da goro da albishir daga Inno, wai zawo ya tsaya, ciki ya ɗauru. Amma yana miƙo goron yana kallon ƙasa. Na ajiye kunya na tsare shi a zaure, sai da ya faɗa. Idanunta sun zurma. In ta yi kuka babu hawaye, babu ma murya sosai. Tun shekaranjiya ba ta jiƙa zanen goyo ba, Inno kuwa murna take yi da haka, tana cewa magani ya kama. Haka na ga ƙanena ya yi muna yara, kowa yana cewa ya samu sauƙi, har aka ɗauke shi a tabarma.

Gobe zan bi Jumare. Mota ba ta shiga saboda laka, ya ce zai ɗora ni kan takarkari. Ban nemi izininka ba, ka yafe mini. Na'iya ta ce garin nan zai yi da ni, kuma nonon da aka yaye guba ne ga yaro. Su yi da ni. Na ƙudura in na isa, gaban Inno zan zauna in ba yarinyar ruwa, in sa ta a ƙirji, don nono kaɗai ne abin da ba ta taɓa ƙi ba.

Sai dai Malam, ɗazu na shiga ɗaki na matsa nonon, na sake matsawa har fata ta yi ja. Ko ɗigo bai fito ba.

Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Saudatu